Ƙwayar Likita da Igiyar Rijiya

Da sunan Allah, Mai kai matafiyi inda ya nufa, Mai maido shi ga iyalinsa.

Ɗan Inna,

Ina gaishe ka, gaisuwar uba ga ɗansa. Ina fata takardar nan ta same ka ka sauka Gidan Rumji lafiya, ba faci a hanya, jandarma ba su shanya ku a rana ba. Allah Ya tsare gabanka da bayanka, Ya haɗa ka da abokan aiki masu tsoronSa, Ya sa ruwan garin ya karɓe ka. Uwarka tana gaishe ka. Ita ta cusa takardar cikin buhun ayar da ta ƙulla maka, ni na sa ta.

Na san za ka yi mamaki. Shekara ashirin da huɗu ke nan, maganar da ke haɗa ni da kai ba ta wuce "an dawo?" da "a ba jaki ruwa" ba. Kai ɗan fari ne, ka kuwa san al'adarmu. Ban taɓa kiran sunanka ba, kuma ana yaye ka aka kai ka Gazawa wurin kakarka Inna, can ka girma. Kunya ake ce wa wannan, har yabon mutum ake yi da ita. To yau na ajiye ta. Baki ba zai iya ba, shi ya sa na ɗauko alƙalamin bik. Bokon da na koya a ajin yaƙi da jahilci na rubuta suna a jikin buhu ne, don haka in ka ga harafi ya karkace ka miƙe shi da kanka. Ba zan kai irin wannan magana wurin mai rubuta wasiƙa na bakin buro, ofishin hukuma, ba, kafin la'asar duk kasuwar Agiye ta ji.

Ga abin da ya hana ni sakat. Ka samu aiki a furojen da ke gina rijiyoyin siminti a ƙauyukan Sae Sabuwa, duk gida mun yi murna. Amma ranar da ka dawo daga rubuta suna, na ji kana gaya wa uwarka ba ka faɗa wa shef, shugaban aikin, kana shan ƙwayar likita ba, wai kada ya ce mahaukaci ne ya ba wani gurbin. Na kuma ji ka ce in barci ya dame ka a wurin aiki sai ka riƙa tsallake ta safe. Ina bayan zana ina gyaran akalar jaki, kun ɗauka na fita. Tun daga ranar tuwo bai ƙara yi mini daɗi ba, domin maganar da ka yi na taɓa yin ta da bakina, kuma na san inda ta kai ni.

Ka tashi ka ji ana ce mini Sanda mai rijiya, alhali ba ka taɓa ganina a bakin rijiya ba sai in zan yi alwala. Wataƙila ka ɗauka gajiya na yi na koma noma. Ban gaji ba. Bari in ɗauko maka daga tushe.

Ina saurayi na shiga aikin haƙa, a hannun wani tsoho da ake kira Gonda. Ka san rijiyoyin ƙasarmu, sai an yi nisa kafin a ga danshi, ga rairayi da ke zubowa ba sallama. Ranar da aka fara saukar da ni gaba ashirin, na ɗaga kai na ga sama ta koma kamar faifai, tsoro ya kama ni. Na kasa riƙe dagi. Da aka fito da ni abokan aiki suka yi ta dariya, ɗaya daga cikinsu ya ja ni bayan wani gawo ya miƙo mini abu a naɗe.

"Zuƙa biyu kawai," in ji shi. "Ƙasan rijiya zai zame maka ɗakin uwarka."

Bai yi ƙarya ba. Washegari na sauka ina waƙa. Nan na yi kuskurena na farko, na ɗauka tsoro shi ne abokin gabana, wiwi kuma ta kashe mini shi. Gonda ya lura, ya kira ni gefe ya ce, "Yaro, ni shekara talatin ina sauka, kullum da tsorona nake sauka. Shi ke sa in dubi bango, shi ke sa in ji rairayi ya fara zuba. Wanda ba ya tsoro ba ya kallo." Na ce masa to, a zuciyata ina cewa tsufa ne ke damunsa. Kai ma za a saukar da kai, kuma za ka ji tsoro. Ka bar shi ya zauna. Duk wanda ya miƙo maka abin da zai cire shi, ko ganye ne ko ƙwayar kasuwa, ka ce masa ka gode ka wuce.

Ku naku zamanin daban ne, a motar siyasa kuka samo wiwi. Tun da aka buɗe jam'iyyu kowace da motarta da kiɗinta, kai kuwa ba ka nuna bambanci ba, duk wadda ta tsaya bakin tasha ka hau. A gidan nan kai kaɗai ka yi wa jam'iyya huɗu ihu a wata ɗaya. Ina tsokanarka ne, amma ka san a bayan motocin nan aka fara miƙa maka. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, sai dai ba irin wannan gudun na so ka gada ba.

Zuƙa biyu ta zama huɗu. Daga ranar sauka kawai, ta koma kullum, har na kai in ban sha ba ba na iya gaida mutane. Kana Gazawa lokacin, ba ka fi shekara bakwai ba. Barci ya ƙaurace mini. Na fara jin ana kiran sunana daga cikin rijiyoyin da na haƙa, ina zargin uwarka da zuba mini abu a fura, baiwar Allah da ba ta taɓa ɗaga mini murya ba. Wata ranar kasuwa na tuɓe takalma na hau kan buhunan wake ina yi wa mutane wa'azi. Ka tuna ranar da aka riƙo ka daga bakin tasha kana faɗa da wanda ba kowa ke ganinsa ba? Da na gan ka, kaina na gani.

Dangi suka ce iskokin rijiya ne, wai na haƙa inda ba a haƙawa. Na san ba haka ba ne, amma na yi shiru, don a garinmu wanda iska ta taɓa abin tausayi ne, ɗan wiwi kuwa abin tofar da yawu. Na zaɓi a tausaya mini. Aka yi ta turare, aka yi ta wanka da saiwoyi, awakin uwarka uku suka tafi a yanka, ni kuma ina fita bayan gari ina ci gaba da abina. Shekara guda cur muka ɓata a haka. Ban raina addu'a ba, har gobe ina shan rubutu, kuma ina so ka riƙe sallarka. Amma mai magani ba ya warkar da ciwon da aka ba shi sunan ƙarya. Duk inda ka je neman lafiya, ka kira abin da sunansa.

Yayana Hamza, Allah Ya ji ƙansa, shi ya gaji ya sa ni a mota ya kai ni asibiti a Maradi. Lokotoron da ya duba ni bai yi wani kewaye-kewaye ba. Ya ce, "Malam Sanda, yaushe rabonka da wiwi?" Na ce jiya. Ya rubuta mini ƙwaya iri biyu, ta safe da ta dare, sannan ya faɗa mini maganar da ban manta ba. Ya ce, "Wannan ba ta kashe sha'awar wiwi, kada wani ya ruɗe ka. Za ta kwantar maka da kai, ta ba ka barci, ta kashe muryoyin da kake ji. Barin wiwi kuwa aikinka ne. Mu dai muna riƙe ka ne har ƙafarka ta yi ƙwari."

Ba sai na ba ka labarin makonnin farko ba, ka ɗanɗana. Gumi, ƙin abinci, fushi ba dalili, mafarkai marasa kan gado. Ga ita kanta ƙwayar da nata: harshe ya yi nauyi, wuya ya sanƙare, yawu na zuba, kana tafiya kamar an ɗora maka dami biyu. Sa'ad da kake cikin wannan hali watannin baya, kana zaune a inuwar rumbu kana kallon wuri ɗaya, na sha zuwa in tsaya a bayanka. Na so in dafa kafaɗarka in ce zai wuce, ni ma na bi ta nan. Sai in yi gyaran murya in wuce gona. Wannan yana cikin abubuwan da nake neman gafararka a kai.

Wata huɗu ina sha, na warware sarai. Barci ya dawo, na yi ƙiba, mutane suka ce iska ta sake ni. Kaka ta zo, ga hatsi a gona yana jiran yanka, ni kuwa da hantsi sai gyangyaɗi. Na ce wa kaina, mai lafiya me zai yi da magani? A wurinmu ai haka aka sani, in zazzaɓi ya sauka an gama da ƙwaya. Na fara tsallake ta safe, daidai yadda ka ce za ka yi. Kwana goma ban ji komai ba sai ƙarfi, na ce ashe lokotoro tsoratar da ni ya yi. Na bar ta dare ma. Randebu, ranar komawa asibiti, ya zo na ce sai an gama ɗaurin dami. Kafin a kai hatsi rumbu barci ya sake gudu, da ya gudu kuwa ƙafata da kanta ta san hanyar gidan mai sayar da ganye. Na ce zuƙa ɗaya don in runtsa.

Komawata ta biyu ta fi ta farko muni, da igiya aka kai ni. Wannan karon sai da aka haɗa da allura, aka kuma ƙara yawan ƙwayar, na daɗe a kanta ƙwarai. A nan na samo abin da kake gani a bakina. Ka san yadda leɓena ke motsi ko ba na magana, har mutane ke cewa Sanda ba ya rabuwa da zikiri, wasu ma Malam suke ce mini saboda shi. Wata tsohuwa ta taɓa kawo mini jikanta in tofa masa. Na tofa, me zan ce mata? Ba zikiri ba ne, ɗana. Tabon magani ne, kuma lokotoro ya ce mai yiwuwa da shi za a binne ni. Haka rawar da hannuna na dama ke yi in na ɗauki kofin shayi, da mantuwar da uwarka ke yi mini tsiya a kanta, in aje hula in yi ta nema tana kaina. Ban san wanne ne na wiwi wanne ne na ƙwaya ba, shi ma lokotoron ya ce ba zai iya raba su duka ba.

Kada ka karanta wannan ka ce ashe maganin mugu ne. Ba don shi ba da tuni ina yawo a kasuwanni da tsumma, yara na jifana. Shi ya maido ni ɗakin uwarka, bayan shi aka haifi ƙannenka uku. Kuma a ƙarshe an raba ni da shi, amma lokotoro ne ya raba mu, ba ni ba. Ya riƙa ragewa kaɗan-kaɗan, rabi, sannan rabin rabi, yana dubana kowane wata, har ranar da ya rufe karnena, katin asibiti, ya ce in tafi sai in na ji wani abu. Shekara goma sha uku ke nan ban sa wiwi a bakina ba. Da na yi haƙuri tun karon farko, wa ya sani, wataƙila da bakina bai kai ga haka ba. Sannu ba ta hana zuwa. Saboda haka kada ka rage ko ɓari ɗaya da ra'ayinka. In barcin safe ya yi maka yawa, ka je Maradi ka faɗa, daga Gidan Rumji ba nisa. Su suka san yadda ake matsar da wani abu zuwa dare ko a rage. In azumi ya zo ma haka, ka tambaya kafin a ga wata, kada ka yanke wa kanka. Ranar randebu kuwa ko ana rabon kujerar Makka a wurin aiki ka tafi, karnenka a aljihu.

Wani abu kuma da ba wanda zai faɗa maka. Sha'awar ba ta mutuwa, kwanciya take yi. Har yau in na bi ta bayan tasha iska ta kwaso mini warin, yawuna sai ya tsinke, ni da furfurata. Ba na tsayawa in yi gardama da ita, sauya hanya nake yi. A wurin aikinku za a samu masu sha, ba a rasa su inda ake aikin ƙarfi. Ba na ce ka yi gaba da kowa ba. Ka dai san inda za ka shimfiɗa tabarmarka, ka san da wa za ka sha shayi.

Yanzu ga wanda na yi maka kai tsaye. Wata takwas kafin ka kwanta, na ji warin a rigarka. Hancina ba ya kuskuren wannan wari. Na ga idonka, na ga yadda kake dariya ba dalili, na gane sarai. Na ce wa kaina uba ba ya zama da ɗan fari ya yi irin wannan magana, bari in sa kawunka ya yi maka. Kawunka ya tafi cin rani, ni kuma na yi ta jira ya dawo. Gaskiyar ita ce ba al'ada ce ta hana ni ba, tsoro nake kada ka ce, "Kai fa, Baba?" Na fake da kunya, kai kuma ka faɗa ramin da na san wurinsa.

Ban tsaya nan ba. Ranar da muka kai ka asibiti, lokotoron, wani matashi mai tabarau, ya dube ni ya ce, "Baba, a danginku akwai wanda ya taɓa irin wannan ciwo, ko ya sha irin wannan magani?" Kana zaune a gefena, uwarka tana tsaye a bakin ƙofa. Na ce babu. Uwarka ta sunkuyar da kai, ba ta tona ni ba, ba ta kuma yi mini magana ba har muka iso Agiye. An ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ni na ɓoye nawa a ranar wankan ɗana. In ka je randebu na gaba ka gyara mini wannan ƙarya. Ka ce masa mahaifinka ya sha wiwi, ya kwanta sau biyu, magani ya bar masa motsin baki da rawar hannu. Ban san abin da zai yi da labarin ba, amma ba don wasa ya tambaya ba. Kai ma ka riƙa lura, in ka ji harshenka ko leɓenka na motsi ba da izininka ba, kada ka jira wata ya cika.

Na san kana cewa a ranka, to Baba, na ji, zan sha maganina daidai, amma me ya kawo shef cikin maganar? Ai sirrina ne. Ni ma haka na ce. Saura labari ɗaya, shi ne mafi nauyi, na yi ta kewaye shi tun farkon takardar nan.

Ka san Baba Labo, mai tufka igiya a bakin tashar Agiye, wanda ke jan ƙafa da sanda biyu. Abokina ne tun muna yara, tare muka koyi haƙa a hannun Gonda. Bayan an sallamo ni karo na biyu, ina kan ƙwaya mai yawa, ba wanda ya sani sai uwarka da Yaya Hamza. A gwangwanin taba nake ɓoye ta. Gari ya san dai iska ta sake ni, shi ke nan. Labo ya samu aikin yashe wata tsohuwar rijiya a wani ƙauye arewa da mu, ya zo har gida ya ce in zo mu yi, don ya ga zaman banza na cina. Alheri ya nufe ni da shi.

A hanya ya tambaye ni, "Sanda, jikin ya yi ƙwarin sauka?"

Na ce, "Ƙafa ba ta gama dawowa ba. Kai ka sauka, ni in riƙe igiya."

Wallahi a ganina dabara na yi. Na san ba zan iya sauka da wannan nauyin kai ba, na ɗauka bakin rijiya wurin hutawa ne. Ban ce masa ina shan abin da ke sa ni barci a tsaye ba. Na ji tsoron ya ce in koma gida, a ji a gari cewa Sanda har yanzu da saura.

Kwana biyu lafiya lau. A rana ta uku, bayan mun sha fura, rana ta take, aka fara saukar da shi. Mu biyu ne a kan igiya, ni da wani ɗan ƙauyen, an naɗa ta a itacen da aka gitta a bakin rijiyar. Na biyun ya ga shanu sun nufo tarin laka, ya ce in riƙe ya kore su. Na ce je ka. Igiya na bin tafina a hankali, ina jin muryar Labo yana cewa a sassauta, a sassauta. Daga nan ban san komai ba. Ban faɗi ba, ban ma rufe ido sosai ba, kaina ne kawai ya tafi, yatsuna suka buɗe. Zafin igiya a tafin hannu ne ya farkar da ni, kafin in damƙe ta ƙare. Saura gaba huɗu ya kai ƙasa, daga nan ya faɗa.

Bai mutu ba, Allah Ya yi da sauran kwana. Ƙugunsa ya karye, ƙafar dama ba ta sake ɗaukarsa ba. Mutum mai 'ya'ya biyar, wanda duk ƙasar nan ba a fi shi gane inda idon ruwa yake ba. Da mutane suka tambaye shi yadda aka yi, ya ce igiya ce ta jiƙe ta zame. Igiyar a bushe take, ni da shi mun sani.

Na yi wata biyu ban iya taka gidansa ba. Ranar da na je yana kwance a zaure, na zauna, na fito da gwangwanin taba na buɗe na nuna masa. Na faɗa masa komai, tun daga bayan gawo. Ya daɗe yana kallon ƙwayoyin. Na so ya zage ni, da na fi samun sauƙi.

Ya ce, "Sanda, wannan ne duka abin da ka ɓoye?"

Na ce shi ne.

Ya ce, "To da ka faɗa mini a hanya, ai sai in ce ka riƙa zubar da laka, in sa wani a igiya. Aikin nan da wurin kowa. Ban riƙe ka da ciwonka ba, Allah ke ɗora shi. Amma ni ne a ƙasa, ya kamata in san hannun da ke riƙe da ni."

Bai ƙara tayar da maganar ba har yau. In na bi ta tasha shi ke fara gaishe ni, ya tambayi lafiyarka, ya ce yaron nan hannunsa na da kyau a gini. Ni kuwa tun daga ranar ban sake taɓa igiyar rijiya ba.

Ɗan Inna, ina ƙaunarka, ban taɓa faɗa ba. Sa'ad da kake Gazawa nakan zo ranar kasuwa in tsaya nesa in ga kun fito daga lakol, makarantar boko, in ba Inna ƙosai ta ba ka ta ce ita ta saya. Wata shidan nan da ka yi kana shan maganinka, kana tashi da nauyin jiki kana bin mu gona ba ƙorafi, na yi alfahari da kai fiye da ranar da ka ci jarrabawa. Ka fi ni ƙarfin hali, shi ya sa nake roƙonka abin da ni na kasa.

Na yi tunanin in aika wa shef ɗinku da kaina, na fasa. Kai ba yaro ba ne, maganar taka ce. Kafin ka taɓa igiya, ko za a saukar da kai ko kai za ka saukar da wani, ka same shi shi kaɗai ka ce masa, "Ina shan magani daga asibiti, yana sa ni barci da hantsi. Ka sa ni kwaɓa siminti ko zuba zoben rijiya, har lokotoro ya ce na isa." Ba sai ka ba shi tarihin duniya ba, wannan ya wadatar. Mai yiwuwa mutumin kirki ne ya gane. Mai yiwuwa kuma ya ce ka tattara kayanka, ba zan yi maka alkawarin abin da ba ya hannuna ba.

In ya kore ka, ka hau motar farko ka dawo. Akwai hatsi a rumbu, gonar aya tana neman hannu, kuma muddin ina numfashi ba mai yi maka gori a gidan nan. Zan fito tasha da kaina in ɗauki jakarka, kowa na kallo. Na fi son in tarbe ka ba aiki, da in ji an fito da ɗan wani daga rijiya, hannunka ne a igiya.

Allah Ya kiyaye ka a sama da ƙasa, Ya kiyaye waɗanda za su dogara da hannunka. Ya ba ka lafiya mai ɗorewa, Ya sa ka gama da maganin nan ba tabo. Ya raba ka da mugun aboki da mugun ji da mugun gani, Ya maido mana da kai muna masu rai. Ƙannenka suna gaishe ka, uwarka ta ce ka riƙa cin abinci kafin ka sha ta safe.

Ni ne mahaifinka,
Sanda mai rijiya, Agiye.